Nazarin Lamari: Fargabar da Ke Biyo Bayan Gano Kansar Harshe

Majinyacin da wannan nazari ya shafa malamin makaranta ne mai shekara 56, magidanci mai 'ya'ya uku, wanda ya shafe kusan shekara 30 yana shan kwalin sigari guda a rana. Ba wani mutum ɗaya ba ne da za a nuna da yatsa. An harhaɗa lamarin ne daga abubuwan da ake gani a kai a kai a sashen cututtukan kai da wuya, don a bi tsoron tun daga ranar da aka faɗi sakamako har bayan kammala magani.

Ya zo da gyambo a gefen hagu na harshe wanda ya kai mako bakwai bai warke ba. Da fari ya ɗauka haƙori ne ke gurzar wurin. Bakin gyambon ya yi tauri, kuma kunnensa na hagu yana ciwo duk da cewa kunnen lafiyarsa ƙalau, domin jijiyar da ke ɗaukar zafi daga harshe tana da reshe ɗaya da wadda ke zuwa yankin kunne. Ƙa'idar da aka sani ita ce duk gyambon baki da ya wuce mako uku bai warke ba, a duba shi da idon zargi. An yanki ɗan nama aka kai ɗakin gwaji, bayan kwana tara sakamako ya fito: kansa ce, irin wadda ke tasowa daga fatar da ta lulluɓe cikin baki, wadda ita ce sama da kashi 90 cikin 100 na kansar baki. Faɗin ciwon santimita 2.4, kuma hannun likita bai ji kaluluwa a wuya ba.

Likita ya yi masa bayani na kusan minti ashirin. Ya yi ta gyaɗa kai, bai yi tambaya ko ɗaya ba, ya karɓi takardar hoton MRI ya tafi. Ranar hoton bai zo ba. Wayarsa tana shiga, ba ya ɗauka. Sai bayan kwana 11 ya dawo, ya rame da kilo uku, idanu sun faɗa.

Me ya sa kwana 11 abin damuwa ne

Mutane da yawa suna ɗaukar tsoron majinyaci a matsayin abin tausayi kawai, wanda za a lallasa da kalmomi masu daɗi. A kansar harshe tsoro yana da lissafi. Harshe tsoka ce mai yawan hanyoyin jini da na ruwan kaluluwa, ciwon kuma yakan girma cikin makonni. Bincike a kan dubban majinyata a Amurka ya nuna cewa idan fara magani ya wuce kimanin wata biyu daga ranar ganewa, damar tsira tana raguwa. A cikin wannan wata biyun ne za a yi hoto, a zauna taron likitoci, a duba haƙora, a duba zuciya da huhu, a samu ranar tiyata. Duk kwanan da tsoro ya cinye, daga cikin wannan ɗan lokacin ya ciro shi.

Saboda haka burin da aka sa gaba shi ne kada tsoro ya hana shi zuwa, ya hana shi ci, ko ya hana shi barci har jikinsa ya kasa ɗaukar tiyata. Kawar da tsoron baki ɗaya ba ya cikin lissafi, don mutumin da aka gaya wa yana da kansa kuma bai ji komai ba, shi ma abin dubawa ne.

Kuskuren farko daga ɓangaren masu magani ya fito. An zuba masa bayani mai yawa a zama ɗaya, shi kaɗai, ba a rubuce ba. An daɗe da sanin cewa majinyata suna manta kashi 40 zuwa 80 cikin 100 na abin da aka gaya musu a ɗakin likita, kuma abin ya fi muni idan kalmar "kansa" ce ta fara shiga kunne. Gyaɗa kai ba shaidar fahimta ba ce. Da an ce masa ya maimaita abin da ya ji da bakinsa, da tun ranar aka gane inda matsalar take.

Rarraba tsoron

Ma'aikaciyar jinya ta zauna da shi, ta ba shi ma'aunin damuwa da ake amfani da shi a asibitocin kansa, mai lamba daga 0 zuwa 10, wanda daga 4 zuwa sama ake ɗaukarsa alamar a bincika. Ya zaɓi 8. A tambayoyin GAD-7 na fargaba ya samu 14, a PHQ-9 na ciwon damuwa ya samu 11. Dukkansu sun haura 10, wato matsakaicin mataki.

Lamba tana nuna girman abu, ba ta nuna kayan cikinsa. Tambayar da ta buɗe bakinsa ita ce: "Malam, idan ka farka cikin dare, mene ne abu na farko da ke faɗo maka a rai?" Ya ce: "Sister, ina ganin kaina a gaban aji, baki a buɗe, babu harshe." Daga nan aka fara ciro abubuwan ɗaya bayan ɗaya, aka tarar abin da yake kira tsoro abubuwa biyar ne a cuɗe, biyu daga cikinsu ma na jiki ne zalla.

Na farko zafi. Yana shan farasitamol ne sai zafin ya kai masa ko'ina, kuma ya rage cin abinci don kaucewa taunawa. Zafin da ba a kashe ba yana sa bugun zuciya da tashin dare, ƙwaƙwalwa kuma ta fassara hakan da cewa ciwon yana yaɗuwa. An mayar da shi kan farasitamol giram 1 duk bayan awa shida a kan ƙa'ida, kada ya wuce giram 4 a yini, tare da maganin kurkure baki mai kashe zafi minti goma sha biyar kafin cin abinci, da ƙaramin awo na mofin na ruwa, wato maganin zafi mai ƙarfi, don dare.

Na biyu sigari. Ranar da ya ji sakamako ya jefar da kwalin, bai ƙara taɓawa ba. Shawarar daidai ce, domin barin sigari kafin tiyata yana taimaka wa rauni ya warke, yana kuma ƙara tasirin gashi, wato ƙona kansa da hasken inji. Amma yanke nikotin lokaci guda bayan shekara 30 yana kawo rawar jiki, saurin fushi, rashin barci da kasa tattara hankali. Alamun suna tsananta a kwanaki uku na farko, su ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin su lafa. Shi duk ya ɗauka fargaba ce. An sa masa filastar nikotin ta miligiram 21 a rana, wadda ita ce ta mai shan fiye da kara goma. Cingam da alewar nikotin ba su dace da mai gyambo a harshe ba. A nan ne kuma ake tambayar giya kai tsaye, ko da an san mutum da kamun kai, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi: mai shan giya kullum da ya daina kwatsam zai iya shiga ruɗewa mai haɗari bayan kwana biyu zuwa uku, wato daidai lokacin da yake kwance bayan tiyata. Wannan majinyacin ba ya sha.

Na uku shi ne hoton da ya zana wa kansa. Ya ji "za a yanke wani ɓangare na harshe", abin da ya zauna masa shi ne "za a yanke harshe". Likitan tiyata ya ɗauki takarda ya zana harshen, ya nuna ciwon, ya zagaye shi da layin santimita ɗaya na lafiyayyen nama da za a haɗa da shi. Abin da za a cire bai kai rabin gaban harshe ba, tushen harshe na baya wanda ke tura abinci zuwa maƙogwaro yana nan, ɗaya gefen yana nan. An gaya masa gaskiya cewa maganarsa za ta canja, haruffa irin su r da s da l za su yi masa nauyi, amma mafi yawan waɗanda aka yi wa irin wannan aikin ana fahimtar maganarsu, har a waya. Ya tafi gida da takardar zanen.

Na huɗu alƙaluman da ya karanta a intanet da tsakar dare. Ya ci karo da adadi ɗaya da ya haɗa kowa da kowa, daga mai ɗan ƙaramin ciwo har wanda cutar ta kai huhu. Hoton MRI, da aka yi washegari, ya nuna zurfin ciwon milimita 7, babu kaluluwar da ta kumbura, hoton ƙirji kuma fes. A tsarin auna matakin kansa na TNM bugu na takwas, wanda ya shigar da zurfin ciwo cikin lissafi, wannan T2 N0 ne, wato mataki na biyu. Alƙaluman rajistar kansa ta Amurka sun nuna cewa idan kansar harshe ba ta fita daga inda ta tsiro ba, sama da kashi 80 cikin 100 suna kai shekara biyar, idan aka kwatanta da sa'o'insu marasa cutar. Sai da aka yi masa bayanin cewa "shekara biyar" lokacin da masu ƙidaya suka tsayar da lissafi ne, ba wa'adin da aka ɗiba masa ba. Ya kwana goma yana zaton an ce masa shekara biyar ta rage.

An kuma kawar da wani zato da ya riƙe bai faɗa ba sai da aka ambata: cewa taɓa kansa da wuƙa yana sa ta watsu. Wannan zaton ne ke tura mutane neman wata hanya su dawo bayan wata huɗu da ciwon da ba ya yankuwa. Wani bincike da aka buga a 2018 a kan wasu nau'o'in kansa huɗu ya gano cewa waɗanda suka bar maganin asibiti suka dogara da wasu magunguna kaɗai, haɗarin mutuwarsu ya ninka sau biyu da rabi. Ba a hana shi addu'a ko duk abin da ke sanyaya masa rai ba, an ma ƙarfafa shi a kai. Abin da aka roƙa shi ne kada ya shafa komai a kan gyambon, kuma ya kawo duk abin da yake sha a gani.

Na biyar, wanda ya fi sauran nauyi: babu wanda ya sani a gida.

Zaman da aka yi da iyali

"Malam, wa ka gaya wa?" Ya ce ba kowa, ba ya so ya tayar wa iyalinsa hankali. Wannan dalilin ana jin sa kusan kullum, kuma kusan kullum akasinsa ke faruwa. Mutumin da ya daina ci, ya daina barci, yake fita tsakar gida da waya da ƙarfe uku na dare, bai ɓoye komai ba. Ya dai bar iyalinsa su cike gurbin da abin da ya fi muni. Da aka kira maiɗakinsa, da izininsa, abin da ta ce shi ne: "Malam, ai na fi mako ina kallonka. Na zaci an ce maka babu magani ne."

An tsara musu abin da za su faɗa wa yara cikin jimloli uku: sunan cutar, abin da za a yi, da wanda zai kula da gida lokacin da baba yake asibiti. An kuma amsa tambayar da iyalai ke jin nauyin yi: kansa ba ta yaɗuwa ta kofi, cokali ko sumba. Daga ranar aka kafa doka cewa ba zai ƙara shiga ɗakin likita shi kaɗai ba, kuma za su riƙa zuwa da littafi mai tambayoyi uku a rubuce.

Akwai tambayar da ba a tsallakewa a wannan zama, ana kuma yin ta ne majinyaci yana shi kaɗai: ko ya taɓa tunanin gara ya mutu, ko ya cutar da kansa. Masu kansar kai da wuya suna cikin waɗanda haɗarin kashe kai ya fi yawa a tsakanin masu kansa, kuma makonnin farko bayan ganewa su ne mafi haɗari. Yin tambayar ba ya dasa tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi. Ya ce tunanin mutuwa yana zuwar masa, amma na kashe kansa bai taɓa zuwa ba. An rubuta, aka ba matarsa lambar da za ta kira idan maganarsa ta sauya.

Abin da aka ba shi ya riƙa yi

Abubuwa kaɗan ne, da gangan, domin mai fargaba ba ya riƙe dogon jeri. Numfashi: ya ja ta hanci yana ƙirga huɗu, ya saki a hankali yana ƙirga shida, wato kusan numfashi shida a minti, na minti biyar safe da yamma. Sakin da ya fi ja tsawo shi ke rage bugun zuciya. Inda mutane ke kuskure shi ne su ja numfashi mai zurfi da sauri, sai jiri da tsikarin yatsu su taso, su ƙara firgita. Kuskure na biyu shi ne a ajiye dabarar sai firgici ya zo. Dole a saba da ita lokacin da hankali yake kwance.

Sai lokacin tunani: minti goma sha biyar da la'asar, a kan kujera, da biro. Duk abin da ya faɗo masa da dare ya rubuta shi a layi ɗaya ya bar wa wannan lokacin. A zaman sai ya raba su gida biyu, wanda likita zai iya amsawa ya shiga littafin tambayoyi, wanda babu mai amsa shi a bar shi a takarda. Idan ya yi kamar minti ashirin a gado barci bai zo ba, ya tashi ya zauna a wani wuri mai ƙarancin haske har sai ya ji barci sannan ya koma gado, waya kuma ta kwana a wani ɗaki. Da tafiyar ƙafa ta minti ashirin zuwa talatin kullum, wadda take rage fargaba kuma take shirya huhu don tiyata.

Bayan mako guda ma'aunin ya sauko daga 8 zuwa 5, kuma mafi yawan saukar daga maganin zafi da filastar nikotin ta zo.

Tiyata, da farkawa babu murya

Aikin ya haɗa da cire ɓangaren harshen, da cire kaluluwar wuyan hagu, da cike gurbin da fatar da aka ɗauko daga cikin damtsen hannu tare da jijiyoyin jininta. Ya tambaya me ya sa za a buɗe wuya tunda hoto bai nuna komai ba, yana zargin an ɓoye masa wani abu. Amsar tana da tushe: gwajin da aka yi a asibitin Tata Memorial da ke Mumbai, wanda aka buga a 2015, ya nuna cewa cire kaluluwar tun a aikin farko ya kai adadin masu rai bayan shekara uku zuwa kashi 80, a kan kashi 67.5 na waɗanda aka jira sai kaluluwar ta bayyana. Hoto ba ya ganin 'yan ƙwayoyin da suka riga suka sulale.

Daren farko bayan irin wannan aikin shi ne wurin da firgici ya fi kama mutane, kuma kusan duk abin da ke jawo shi ana iya faɗarsa tun kafin a shiga. Zai farka da bututun numfashi a maƙogwaro, ba zai iya fitar da sauti ba na wasu kwanaki. Za a sa robar abinci ta hanci. Harshen zai kumbura ya cika baki. Ma'aikatan jinya za su riƙa leƙa bakinsa da tocila kusan duk awa a kwana ɗaya ko biyun farko don duba jinin sabuwar fatar, kuma wanda ba a gaya wa ba yakan ɗauka wani abu ne ya lalace. Zuƙe majina daga bututun yana sa tari mai kama da shaƙewa na 'yan daƙiƙu. An nuna masa bututun ya riƙe a hannunsa tun kafin ranar, aka tanadi allo da alƙalami, aka amince da alamun hannu uku: zafi, majina, kira min iyali. An kuma tabbatar ƙararrawar kira tana gefen hannun da ba a yanka ba. Ƙaramin abu ne, amma mantawa da shi ya isa ya sa mutumin da ba shi da murya ya ji an yasar da shi.

An cire bututun a rana ta shida, aka sallame shi a ta goma sha biyu. An gargaɗe shi cewa launin sabuwar fatar ba zai zo ɗaya da na harshe ba, har gashi ma zai iya tsirowa a kanta, kuma kunne da gefen wuya za su yi dindiris na watanni.

Labari na biyu

Sakamakon naman da aka cire ya zo da abin da ba a so. Gefen yankan ya fita fes da fiye da milimita 5, amma an samu cutar a kaluluwa ɗaya, kuma ta bi jikin wata ƙaramar jijiya. Mataki ya tashi daga na biyu zuwa na uku, ana buƙatar gashi. Ba a buƙaci kemo ba, domin ana ƙara maganin kemo mai suna sisfilatin ne galibi idan gefen yanka bai fita ba ko cutar ta fasa bangon kaluluwa.

Ƙaninsa ya tare likita a baranda: "Likita, don Allah kada ku gaya wa yaya, ku ce kawai rigakafi ne." Niyyar mai kyau ce, amma mutum ba zai yi mako shida yana gashi bai gane ba, kuma ranar da ya gane zai daina yarda da kowa. Hanyar da aka bi ita ce a tambayi majinyacin da kansa ko yana son cikakken bayani ko a taƙaice. Ya ce cikakke. Ma'aunin ya koma 7 a wannan makon. A nan ma akwai gyara ga masu magani: da tun kafin tiyata an gaya masa cewa matakin ƙarshe sai an duba naman, kuma gashi yana iya biyo baya, da labarin bai zo masa kamar an karya alkawari ba.

Takunkumin gashi

An tsara Gy 60 (Gy shi ne ma'aunin yawan hasken gashi) a zama 30, kwana biyar a mako har mako shida, a fara kafin cikar mako shida da tiyata. Likitan haƙori ya riga ya cire haƙora biyu da suka lalace, domin cire haƙori bayan gashi yana iya jawo ruɓewar ƙashin muƙamuƙi.

Don kada kai ya motsa, ana tausasa wata roba mai huji-huji da ruwan ɗumi, a shimfiɗa ta a fuska da wuya da kafaɗu ta daskare, sannan a riƙa maƙale ta a jikin gado a kowane zama. A zama na uku ya fizge, ya yi ta buga gado da hannu, gumi ya jiƙe shi. Washegari bai zo ba.

Wannan tsoron daban yake da na kansa, maganinsa ma daban. Bincike ya nuna abin da ya tayar da shi: kwanciya rigingine da yawu mai kauri a baki, ga harshen da bai gama koyon haɗiya ba, sai ya ji kamar zai shaƙe. Aka sa ya riƙa kurkure baki a zuƙe masa yawun dab da kwanciya. Aka yanke wa takunkumin ramukan ido. Aka nuna masa kyamara da lasifikar ɗakin, aka gwada a gabansa cewa ɗaga hannu yana tsayar da injin nan take. Aka gaya masa cewa cikin minti goma sha biyar da yake kwance, hasken kansa 'yan mintuna ne, sauran daidaita jiki ne, kuma ma'aikaci zai riƙa faɗa masa saura nawa. Ya yi atisaye sau biyu da takunkumin ba tare da an kunna inji ba, minti biyu sannan minti biyar. Na mako guda ana ba shi maganin kwantar da hankali lorazefam miligiram 0.5 minti arba'in da biyar kafin zama, da sharaɗin ba zai tuƙa mota ba. An janye shi da wuri, domin jiki yana sabawa da irinsa, kuma haɗa shi da mofin yana danne numfashi.

Zaman da ya tsallake ba a bar shi ya tafi haka ba. Ƙwayoyin wannan kansar suna ƙara saurin hayayyafa a lokacin gashi, tsawaita makonnin yana rage tasirin maganin. An rama da zama biyu a rana ɗaya, da tazarar awa shida a tsakani.

Daga mako na uku baki ya fara salewa, ɗanɗano ya ɗauke, yawu ya yi danƙo. An riga an gaya masa cewa hakan zai ƙaru har mako ɗaya ko biyu bayan zaman ƙarshe kafin ya fara sauƙi, don kada ya fassara shi da dawowar cuta. Yana kurkure baki sau shida a rana da ƙaramin cokali ɗaya na gishiri da ɗaya na hodar baking soda a cikin lita ɗaya ta ruwa, ana auna nauyinsa duk mako. A mako na huɗu PHQ-9 ya kai 16, ya daina sha'awar komai, yana cewa ya zama kaya a kan iyalinsa. Nan aka fara maganin ciwon damuwa esitalofram miligiram 10, aka haɗa shi da masanin halayyar ɗan Adam. An faɗa masa cewa maganin yana iya ƙara masa ɗan rashin natsuwa a makon farko, amfaninsa kuma sai bayan mako biyu zuwa shida. Ana iya cewa an makara: wani gwaji na 2013 a kan masu kansar kai da wuya ya nuna cewa fara wannan maganin tun farkon jinya ya rage kamuwa da ciwon damuwa daga kusan kashi 25 zuwa kashi 10. Ga mutumin da ya fara da maki 11, ya kamata a ce an ajiye masa wannan zaɓin a gabansa tun kafin gashi.

Bayan an gama

Wata biyu da kammalawa ya dawo a firgice da kumburi a ƙarƙashin haɓa. Kumburin mai laushi ne, ya fi yawa da safe, yana raguwa da rana: ruwa ne da ya rasa hanyar wucewa bayan cire kaluluwa da gashi, ana rage shi da tausa ta musamman da ɗaga kai lokacin barci. A zaman ne aka gano yana duba bakinsa da tocila sau biyar ko shida a rana, yana latsa wuya har wurin ya yi tsami, tsamin kuma ya zama sabon abin tsoro. An mayar da dubawar sau ɗaya a wata, a rana tsayayya, aka rubuta masa abin da zai sa ya kira ba tare da jiran ranar asibiti ba: gyambo ko farin tabo ko ja da ya wuce mako biyu, ƙullutu mai tauri a wuya, ciwon kunne na gefe ɗaya da ya ƙi tafiya, jini daga baki, haɗiya da ke ƙara wuya, ko rama ba dalili.

Tsoron dawowar cuta yana da tushe, domin mafi yawan dawowar a shekara biyun farko take faruwa. Shi ya sa ake ganin majinyaci duk wata ɗaya zuwa uku a shekarar farko, duk wata biyu zuwa shida a ta biyu, sannan a riƙa buɗa tazarar. A wata na tara ya yi ƙorafin kasala da nauyin zuciya, kowa ya ɗauka damuwar ce ta dawo. Gwajin jini ya nuna tayirod ɗinsa, wata gaɓa a gaban wuya da ke daidaita kuzarin jiki, ya yi rauni, abin da gashin wuya ke yawan jawowa, aka sa shi a kan maganinsa.

A wata na goma sha huɗu babu alamar cuta. Ma'aunin damuwarsa yana tsayawa a 2 ko 3, ya hau 6 a makon da zai je asibiti, don haka ake ba shi layin safe, sakamakon hoto kuma a faɗa masa a rana tsayayya da aka sanar da shi tun farko. Ya koma aji da ƙaramar lasifika da gorar ruwa saboda bushewar baki, darasi biyu a jere sannan hutu. Ana shirin fara rage esitalofram a hankali cikin makonni, kuma an zaɓi a fara bayan ganin likita na gaba, kada ragewar ta haɗu da makon da fargabarsa ke tashi.